Teburin Hamani da Rawanin Alhaji Sahabi

Na isa Yamai da rigar da ke jikina, da wata a cikin leda, da tsagen Gobirawa a kumatuna, shida a gefe guda, bakwai a ɗayan. Sai da na ɗan kwana biyu a garin na gane cewa cikin kayan nan nawa tsagen ne kaɗai jari.

Sunana Labbo. A Tambuwal ana ce mini Labbo Mai Fitila, domin gyaran fitilar ƙwai na gada, har aka kawo tocila mai caji ta kashe mini sana'a ina zaune ina kallo. Boko kuwa, ajin yaƙi da jahilci na shiga da furfurata. Aka gwabza yaƙin, jahilci ya ci rabi, na ci rabi. Da rabin nan nawa nake wannan rubutu, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya tallafe shi don Allah.

Wanda ya kira ni Yamai shi ne Alhaji Sahabi, mutumin Kebbe. A da kananzir yake sayarwa kusa da rumfata a kasuwar Tambuwal, ni in gyara fitila, shi ya zuba mata mai. Ya ɓace shekaru, ya dawo da mota da tumbi, mutanen Kebbe na cewa harka yake yi da Turawa. Ya ce mini yana neman dattijo mai amana ya kula masa da sito. Ni da ba a taɓa haɗa sunana da amana a jimla guda ba, nan take na yarda.

Ranar da na sauka ya kai ni sito ɗin, ya buɗe ƙofa. Na zaci zan ga atamfa ko buhunan shinkafa. Sai na ga tarkacen tebura, ƙanana, ba wanda ya wuce gwiwata. Wani ƙafafunsa uku na baƙin ƙarfe, sun bubbuɗe kamar raƙumi zai sha ruwa. Wani samansa ƙarfe ne mai huji-huji kamar rariya. Wani katakonsa ba shi da kusurwa ko ɗaya, an yanka shi kamar ƙodar rago. Duk sun ci duniya, ga tsatsa, ga tabo.

Na ce, "Alhaji, ina kayan?"

Ya ce, "Ga su gabanka."

"Waɗanga? Ai ko mai tsire ba shi aza nama bisa wanga."

Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Ga irin teburin nan sak, a wani kanti a birnin Faris, an ɗora shi kan farin dandamali, an haska masa fitila shi kaɗai kamar amarya, ba a aza masa ko kofi ba. Ya ce Faransawa ne suka ƙera su tun zamanin kakanninmu, suka zuba su a gidajen ma'aikatansu da otal-otal da gidajen masu tuƙa jirgin sama. Da za su koma gida suka bar wa kuku da boyi da mai gadi. Yanzu jikokinsu sun farka, suna neman su ido rufe, masu kuɗi na tara su kamar yadda Bafillace ke tara shanu.

"Amma ka ji doka," in ji shi. "Ba a wankewa, ba a fenti, ba a buga ƙusa. Tsatsagga da kaka gani ita ce kuɗin."

Na ce, "To ni mi ne aikina? Gadin tsatsa?"

Ya dubi kumatuna ya yi murmushi. "Fuskakka nika so, Labbo."

Ga abin da yake nufi. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun na kaka da kakanni. Bagobiri zai faɗa gidan Bazabarme, ya kira maigida bawansa, ya cinye masa abinci, ya ɗauki abin da ya ga dama ya fita, maigida ba shi da ikon yin fushi. In ya yi fushi, shi ya ji kunya. Mafi yawan tsofaffin kuku da boyi na Yamai kuwa Zabarmawa ne. Alhaji Bakabe ne, ba shi da wannan dama, kuma da sun ga motarsa a ƙofar gida sai su ce abin ba na sayarwa ba ne. Ni kuwa fuskata mabuɗi ce.

Haka na fara aiki. Kullum da safe in ɗora sabon teburin roba a kai, shuɗi ko fari, in bi lungu-lungu. In na hango tsohon tebur ƙarƙashin murhu ko an ɗaure masa akuya, sai in yi sallama in fara zagi. "Kai bawa, haka kaka zaune da wanga abin kunya? Ubangijinka ya zo ya fid da kai kunya." A yi dariya, a rama mini, a ba ni abinci, in fito da tsohon in bar sabon. Har rakiya ake yi mini ana cewa Bagobiri dai ba shi da wayo. Na kuwa yarda da su, domin a sito nake kwana, cikin tebura sun fi ƙarfin lissafina, amma a ƙasa nake aje kwanona, an hana ni aza shi bisa ko guda. Abincin da Alhaji ya yi alkawari sau uku ya koma sau ɗaya, sau ɗayan ma sai in ya tuna. In na kwanta sai in riƙa ganin tuwon dawa da miyar sure na tsohuwata Hajo, har in ji ina tauna iska.

A unguwar Gamkalle, kusa da kogi, na haɗu da Hamani. Tsohon kuku ne, ya girme ni nesa, idanunsa sun tafi sai dai ya bambance rana da inuwa. Na yi sallama na ce, "Ina bawan gidanga?"

Ya ce, "Matso in ji wane marar kunya ne." Ya miƙo hannu ya shafa fuskata, yana bin tsagen da yatsa. "Ashe wanda kyanwa ta yakushe ne. Zauna, ɓarawo, na san yunwa ta koro ka daga garinku. Hamsatu! Kawo ragowar abincin kare, Bagobiri ya zo."

Hamsatu 'yarsa ce, ita ke kula da shi. Abin da ta kawo kuwa dambu ne da zogale da man gyaɗa, na ci har na ji kunnuwana sun buɗe.

Ina ci ina satar kallon abin da ke hannun damansa. Tebur ne mai ƙafa uku, samansa katako mai ruwan zuma, a gefe guda akwai tabon ƙuna mai siffar dutsen guga. Bisa kansa ga rediyo, ga kofin ruwa, ga kwalbar maganin ido, ga carbi, ga gwangwanin goro. Hamani bai taɓa lalube ba. In yana son goro, hannunsa zai tafi kai tsaye ya sauka kan gwangwani, kamar tsuntsu ya koma sheƙa. Ya ce Nasaran da ya yi wa aiki ne ya bar masa, tabon kuwa marigayiya matarsa ce ta manta dutsen guga a kai ranar da aka haifi jikansu na fari.

Na gwada sa'ata sau ɗaya. Ya ce, "Ɗauki akuya. Ɗauki ƙyauren ɗaki in kana so. Wannan idona ne." Ban sake tayar da maganar ba. Na koma zuwa gidan kusan kullum, ba don tebur ba, don dambu da zagi. A duk Yamai nan ne kaɗai nake jin kamar ina Tambuwal.

Bakina ne ba ya da ƙyaure. Wata rana ina yi wa Alhaji fariyar irin gidajen da nake shiga, na kwatanta masa teburin. Ya ce in kai shi ya gaida tsohon. Muka je, ya yi kamar carbinsa ya faɗi, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Da muka fito gumi yake yi.

"Labbo, wanga shi ne uban su duka. Gobe ka kawo min shi."

Na ce, "Wanga ba ya ɗaukuwa, Alhaji. Makaho ne, da shi shika gani."

"A ba shi na roba guda biyu."

"Ko goma. Ban yi."

Ya ce ba komi. Da na san Sahabi kamar yadda nake taƙama, da wannan ba komi ɗin ta hana ni barci.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kayar da ni. Alhaji ya leƙo ya ce sito ba asibiti ba ne, kada in yi amai kusa da kaya. Da Hamani ya ji shiru ya aika aka ɗauko ni cikin amalanke. Hamsatu na dafa mini ganye da kunu, shi kuwa yana zaune bisa kaina yana cewa, "Kada ka kuskura ka mutu a gidana. Ba ni da filin binne Bagobiri, sai dai in jefa ka kogi, kifi ma ya ƙi ci." Da dariya na warke.

Ina fara takawa Alhaji ya zo da fara'a, ya ce akwai wani tebur a Doso, in je in gani. Na tafi. Na zagaye Doso har takalmina ya tsinke, babu tebur, babu mai sunan da aka ba ni. Da na dawo Yamai na tarar da sito a buɗe, an share shi tas. Maƙwabta suka ce an loda kaya an yi Kwatano. Nan take na nufi Gamkalle.

Na same shi zaune inda yake zama. Rediyo na ƙasa, gwangwanin goro na ƙasa, kwalbar magani ta fashe an share ta gefe. Wani farin teburin roba da aka bar masa a madadin nasa na kwance can inda akuya ta ture shi. Ina tsaye ya kai hannu dama don ya ɗauki kofi, hannun ya faɗa cikin iska. Ya mayar da shi kan cinya a hankali, kamar wanda ya yi abin kunya.

Hamsatu ce ta gaya mini, ba ta ko dube ni ba. Mutane biyu suka zo suka ce Labbo ya yi baƙi daga Tambuwal, yana roƙon aron tebur ya ba su shayi, kafin magariba za a maido. Tsohon da kansa ya kwashe kayansa daga kai, yana dariya yana cewa a gaya wa ɓarawon nan kada ya lashe katakon.

Na ce, "Kai bawa, ubangijinka ya dawo, ba ka tashi?"

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Labbo. Hamsatu, kawo wa baƙo ruwa."

Malam. Baƙo. An mare ni a duniya, an taɓa ɗaure ni a ofishin 'yan sanda kan rigimar da ba tawa ba, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar ladabin nan ba. Na rantse masa da Allah ban sani ba. Ya ce, "Na ji, Malam. Allah ya kiyaye hanya." Ko ruwan ban sha ba. A ƙofar gidan na yi wa kaina alkawari biyu: teburin nan zai koma hannun daman Hamani, Sahabi kuwa sai ya ɗanɗana abin da har ya mutu yana jin ɗacinsa.

A Gaya, bakin iyakar Benin, na sami motar albasa mai zuwa Kwatano. Direban, Bello, mutumin Jabo ne. Da ya ji Hausata ya ce, "Baba, daga ina?" Na ce Tambuwal. Ya ce, "Hau bisa, gida guda muke." Haka na hau kan buhunan albasa, rana na gasa ni daga sama, albasa na turara ni daga ƙasa. Da muka ƙetare gada, wani jandarma ya sauko da ni ya ce ina katin allurar rigakafi. Na nuna masa tabon lamba a damtsena. Ya dube ni, ya dubi hulata, ya cire ta ya sa a kansa, ya ce in wuce. Na shiga ƙasar Benin da sanƙo a waje.

Bayan Kandi mota ta lalace, muka yi zaman jiran ƙarfe a bakin daji. A nan na kashe Sahabi ya fi sau ɗari. Na zuba masa kananzir ɗinsa na da. Na ɗaure shi a ƙafar tebur na jefa teku. Na sa masa kunama a aljihun da yake aje waya. Bello na ƙarƙashin mota yana jin ina lissafawa, ya leƙo ya ce, "Baba, in ka taɓa shi kai za a ɗaure, shi ya ci gaba da cin kaji. Mi ya fi so a duniya? Can za ka nema."

Na ce kuɗi. Sai kuma na tsaya. Ba kuɗi ba ne. Tun yana mai kananzir, Sahabi kan ba maroƙi kwalba guda kyauta don kawai ya kira sunansa a tsakiyar kasuwa. Yana iya kwana da yunwa in dai za a ce da shi mai kyauta.

A Faraku wata mata mai sakwara ta ga ina kallon tukunyarta kamar maraya. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta zuba mini, ta ƙara nama, ta ciro wani tsohon ƙyalle ta nuna mini in rufe kaina da shi. Har yau ina sa ta a addu'a, ko da yake ban san da wane suna za a kai mata ladar ba.

Kwatano gari ne da iska ke da ruwa a ciki, riga ba ta bushewa a jikin mutum, 'yan kabu-kabu sun fi ƙudan mahauta yawa. Na tambayi Zango, unguwar Hausawa, ban sha wuya ba na sami gidan Alhaji, ga sabon sitonsa manne da shi. Na shafa ƙura a fuska, na faɗi gabansa.

"Alhaji, ka mance ni a Doso! Ni da ba ni da kowa sai kai!"

Ya ɗan razana, sai ya ga ba da faɗa na zo ba. "Ban mance ka ba, Labbo, sauri ne ya kama ni. Batun tsohon nan kuwa..."

Na ce, "Wane tsoho? Bazabarme? Ai bawana ne, komi nai nawa ne. Ni dai yunwa nika ji."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce dama ya san ni ba ni da zuciya. Ya miƙo mini mabuɗin sito, don ya san ba zai sami mai gadin da ake biya da tuwo kamar ni ba. Na buɗe, ga teburin Hamani can a tsakiya, an shimfiɗa masa bargo. Ni ban taɓa samun bargo a hannun Sahabi ba.

Ana nan sai ga mai sayen kayan, wata Bafaranshiya doguwa mai furfura. Ta sa farar safar hannu, ta kunna tocila, ta rarrafa ƙarƙashin tebura ɗaya bayan ɗaya tana duban kusoshi, har sansana katako take yi. Da ta zo kan na Hamani ta zauna a ƙasa. Ta shafa tabon dutsen gugan, ta tambayi labarinsa ta bakin tafinta. Alhaji ya ce kakarsa ce ta ƙona shi. Kakar Sahabi, wadda ko zanin kirki ba ta mallaka ba balle abin guga! Matar ta ce duk tana so, za ta je ta shirya kwantena ta dawo. Da za ta fita ta ba ni alewa. Ba ni da rigima da ita.

Kafin ta dawo akwai wani babban sha'ani. Alhaji ya daɗe yana bin Sarkin Hausawan unguwar da shadda da turare, har aka yarda za a naɗa shi Garkuwan Fatake. Ba ya maganar komi sai rawani. Ni kuwa da na ji haka, na san na sami inda zan kama shi.

Na nemi maroƙin da zai yi shela, Na-Ige, mutumin Dogon Daji, wanda Alhaji ya daɗe yana ciyar da shi alkawari. Na ja shi bayan masallaci.

"Alhaji ya aiko ni, a asirce. Ka san shi da kunya, ba shi iya faɗi da bakinai. In an gama naɗi, ka shaida ma jama'a duk teburin da ke cikin sito sadaka ne ga talakawan Zango. Masu shayi, masu tsire, mata masu ƙosai, kowa shi ɗauki guda."

Na-Ige ya daɗe yana kallona. "Sahabi ya ce haka?"

"Da sunanai na zo."

Ya gyara hula. "To ai shi ke nan. Ni da suna nika aiki."

Daga nan na bi teburan masu shayi ina shan na bashi, ina raɗa wa kowa cewa ranar naɗi kada ya yi nisa da ƙofar sito. Da safiyar ranar na sa teburin Hamani cikin buhu, na ɗaure, na aje bayan ƙyaure.

Bayan la'asar aka yi naɗi a ƙofar gidan, ƙarƙashin rumfa, Zango duk ta hallara. Aka naɗa masa rawani fari ƙal, aka ja amawali aka rufe masa baki da hanci, sai idanu. Wanda ya san sarauta ya san sabon naɗi ba ya magana, ba ya tashi, sai dai ya zauna a gaishe shi. Na-Ige ya shiga fili ya wasa shi tun daga Kebbe har bakin teku. Ina hango idanun Sahabi suna lumshewa don daɗi. Sai Na-Ige ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a saurara! Garkuwa ya ce ba shi shiga sarauta hannu sake! Duk teburin da ke cikin sitonai, na Turawa, na ƙasar waje, ya ba talakawan Zango sadaka! Kowa shi ɗauka, don Allah, don Annabi!"

Wurin ya ɗauki guɗa. Sarki ya juya ya ce, "Madalla, Garkuwa. Haka ake so." Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, jama'a na amin. Idanun nan da ke lumshe suka buɗe kamar na ragon da ya ga wuƙa. Suka yi ta yawo cikin taro har suka same ni a ƙofar sito. Na ɗaga mabuɗi sama don ya gani da kyau, na rusuna, na buɗe ƙyaure biyu har bango.

Ban taɓa ganin aikin alheri ya yi sauri haka ba. Alhaji ya yunƙura zai tashi, dattawa biyu suka riƙe masa riga. "Zauna, Garkuwa, ba a tashi. Ladarka na isowa inda kake." Yana zaune yana kallo wani mai tsire ya gwada wuƙarsa a kan katakon da matar nan ta sansana. Wani mai shayi ya shimfiɗa leda mai furanni a kan nasa, ya bi ta da ƙusoshi. Wata mai ƙosai ta ce nata ƙafa uku gare shi, an cuce ta, nan take kafinta ya buga masa ta huɗu. Mai huji-hujin kuwa, aka ce ya yi daidai da gasa masara, kafin rana ta faɗi yana kan garwashi. Ga wani can ya riga ya buɗe gwangwanin koren fenti.

Abin da ya fi mini daɗi shi ne godiya. Duk wanda ya ɗauka sai ya bi layi da teburinsa a kai, ya durƙusa gaban Garkuwa ya yi masa addu'a, shi kuma dole ya miƙa hannu. Ni ma na bi layin da buhuna.

Na ce, "Allah shi ƙara girma, Garkuwa. Wanga na wani makaho ne can Yamai. Aro ne anka yi, zan maida."

Ya kama hannuna ya matse har ƙasusuwa suka yi ƙara. Amawalin na motsi, ban ji abin da yake faɗi ba, amma na san ba addu'a ba ce. Na-Ige ya ƙwala, "Ku dubi son talaka! Ya riƙe hannun tsoho ya ƙi saki!" Aka sake guɗa. Dole ya sake ni.

Ban kwana a Zango ba. Na sami Bello a tasha yana lodin komawa, na hau da buhuna a cinya, ban sauke shi ba ko da za ni sallah sai na jingina shi inda nake gani. A kan iyaka ma'aikatan kwastan suka ce in buɗe. Suka leƙa, suka kira 'yan'uwansu su zo su ga tsohon da ya je har Kwatano ya dawo da wannan. Suka yi dariya suka ce in wuce, Allah ya ba ni lafiya.

Da hantsi na shiga gidan Hamani. Hamsatu ta gan ni, na sa yatsa a baki. Na kwance buhu, na aje teburin a hannun damansa, ƙafafun suka faɗa cikin ramukansu uku da ke nan a ƙasa har lokacin. Ya ji motsi ya ce, "Wane ne?" Ban amsa ba. Ya kai hannu, hannun ya sauka kan katako. Ya tsaya cak. Ya bi gefen da tafinsa har ya kai tabon, ya bar yatsunsa a wurin. Sannan ya duƙa ya lalubo rediyo ya aza, ya aza kofi, ya aza carbi da gwangwani, kowanne a mazauninsa. Ni dai ina tsaye ina kallo.

Ya buɗe gwangwani ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki. Ya ce, "Warin albasa yake yi. An ba Bagobiri aron abu zuwa magariba, dubi lokacin da ya kawo shi. Hamsatu, ƙirga kajinmu, ɓarawon nan ya dawo."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Rufe min baki, bawa, ka ba ni goro."

Na ba shi labarin rawani tun daga farko. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa na maimaita wurin ƙafa ta huɗu. Da ya huce ya goge idanu ya ce, "Horon nan bai isa ba. Maganin idona ya fashe saboda shi. Duk inda ka gan shi, ka gaishe min da shi."

Bafaranshiyar, na ji labari, ta dawo da kwantenarta ta tarar da sito ba komi sai bargo, ba ta sake neman Sahabi ba. Ya tattara ya koma Kebbe, amma sunan ya riga shi isa. Yanzu ba a biki ko suna a garin ba a aika masa roƙon tebur ba, har daga Sanyinna ake zuwa, shi kuma yana jin kunyar a ce Garkuwa ya hana. Ni kuwa ina Tambuwal, gwiwa ta fara ba ni wahala, amma duk ranar kasuwar Kebbe sai na hau kabu-kabu na je. In same shi cikin mutane a ƙofar gidansa, in durƙusa, in ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji.

"Garkuwa mai rabon tebur, Allah shi ja zamaninka!"

Ya amsa da haƙora a cije. In miƙe, in kakkaɓe gwiwa, in yi kamar zan tafi. Sai in dawo in sake durƙusawa.

"Waccan tawa ce, Garkuwa. Wagga ta Hamani ce."